Leda ko raga: wanne ya dace da rumfar shuka a Jos?

Hajiya ta ce tana da fili mita 4 da mita 8 a bayan gidanta a Bukuru, tana son kafa girinhawus, wato rumfar shuka, don tumatir da tattasai. Masu sayar da kaya kuma sun raba mata hankali: wannan ya ce ta rufe da leda, wancan ya ce raga kaɗai ta wadatar.

Hajiya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Leda ruwan sama take tarewa, ta kuma riƙe ɗumi. Raga ƙwari take tarewa, ta bar iska ta ratsa. A Jos ba sanyi ne ke kashe tumatir ba, damina ce. Daga Yuli zuwa Satumba ganye kan wuni a jiƙe, ga sanyi-sanyi, abin da cutar ƙunar ganye ke so ke nan. Ga ƙanƙara da kan sauka a farkon damina ta kakkarya shuka. Raga ba ta hana ruwan nan sauka a kan ganye. Wanda ya rufe da raga zalla zai ci moriyarta da rani, amma damina na kankama ya koma daidai da mai shuka a fili.

Leda zalla ma tana da nata aibin. In aka rufe sama da gefe duka da ita, ko a Jos zafin ciki kan wuce digiri 35 da rana a Maris da Afrilu, kuma a wannan zafin furen tumatir zubewa yake yi bai ɗaure ba. Da dare kuma tururi ya taru a jikin ledar yana ɗiga a kan shuka, cutar da aka guda ta shigo ta bayan gida. A Abuja kam ba a ma fara wannan maganar, dafa shukar za a yi.

Saboda haka a haɗa su: leda a sama, raga a gefe huɗu.

Ledar ta zama wadda aka yi don jure rana, mai kaurin maikiron 200 (ma'aunin kaurin leda ke nan). Tana kai shekara 3 zuwa 4. Ledar kasuwa ta shanya kaya ba ta cika shekara, rana za ta busar da ita ta rinƙa tsagewa. Filinki zai ci kamar mita 6 da mita 10, in rufin mai lanƙwasa ne. A ja ta da rana lokacin da ta yi laushi, a ɗaure ta tamau. In ta yi sako-sako ruwa zai kwanta a kai ya yi tumbi, ya janyo rufin ƙasa, iska kuma ta yi ta kaɗa ta har ta yage wajen ƙusa.

Raga iri biyu ce, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. Koriya ko baƙar nan ta inuwa rana kawai take ragewa, farin ƙuda na ratsa ta ba tare da wahala ba, shi ne kuwa ke kawo cutar nannaɗewar ganye. Fara mai ƙananan ido za ki nema, lamba 40 ko 50. Ita ce ke tare farin ƙudan, ta tare malam-buɗe-littafin tsutsar Tuta absoluta da ta yi wa tumatir ɓarna a Arewa a 2016. Mai faɗin mita 3, tsawon mita 26 za ta zagaye, a binne bakinta santimita 30 a ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe idonta, sai a rinƙa wanke ta da ruwa, in ba haka ba iska ta daina shiga. Ƙofa ta zama biyu da ɗan zaure a tsakani, don ƙwaro ta ƙofa ya fi shiga.

Ginshiƙai guda 10, biyar a kowane gefe, tazarar mita 2, ramin santimita 60 da kankare. Tsayin gefe kada ya gaza mita biyu da rabi, tsakiya ta kai uku da rabi, domin gajeriyar rumfa zafi take tarawa a kan shuka. Bututun ƙarfe mai rufin hana tsatsa ya fi daɗewa. Katakon da za ki samu a kasuwar Katako ya fi araha, sai dai gara na cin sa, don haka a shafe gindinsa da baƙin mai. Bututun roba na famfo kuwa yana cin leda inda suka haɗu, sai an yi masa fenti ko an naɗe shi da tsumma.

Wurin zai ɗauki tumatir kamar 70, tazarar santimita 45, a ɗaga kowanne da igiya. Ban ruwa a gindi kawai, da safe. Tunda ƙudan zuma ba ya shiga, iska ma kaɗan ce, sai a rinƙa girgiza igiyoyin da hantsi idan fure ya buɗe, in ba haka ba za ki ga fure jingim amma 'ya'ya ƙalilan.