Canon EF 50mm f/1.8 STM: gilashi mai araha da ke ɗaukar idon ƙuda idan aka juya shi

Wannan gilashin kyamara ya fito a 2015. Nauyinsa giram 160 ne, faɗin bakinsa milimita 49, gindinsa kuma na ƙarfe ne, ba roba ba irin na wanda ya gada. A kan kyamara mai ƙaramar sensa, kamar Canon 600D ko 700D, yana gani ne kamar gilashin milimita 80, wato ganinsa ya ƙara tsukewa. Shi ya sa a cikin ɗaki sai an ja da baya har bango kafin mutum uku su shiga hoto. Aikinsa fuska ne, ba taron biki ba.

A f/1.8, wato ƙofar haske a wangale, bayan hoto yana narkewa sumul, sai dai kaifin bai cika ba, kuma gefen farar shadda a rana yakan fito da layin shunayya. A rage ƙofar haske zuwa f/2.8, yawancin matsalar ta kau, a f/5.6 har zaren hula ana iya ƙirgawa. Ba shi da na'urar hana girgiza, saboda haka idan a hannu ake riƙe da kyamara, kada saurin shata ya gaza 1/100 na daƙiƙa.

Inda ya fi burge ni shi ne gwajin juyawa. Ana sayen zoben juyi na milimita 49 mai gindin EF, irin gindin da ke shiga kyamarar Canon, a ɗaura shi a bakin gilashin, a kifa gilashin a jikin kyamara. Nan take ƙwayar gero ko idon ƙuda su fito ɓaro-ɓaro a hoto.

Amma akwai tarko. Da zarar an juya shi, wuta ta yanke tsakaninsa da kyamara, ƙofar haske ta tsaya a wangale. Maganin: tun yana daidai, a mayar da fokas can nesa don hancin ya koma ciki, a sa f/8, a danne ɗan maɓallin duba zurfin fokas da ke kusa da gindin gilashin, a kwance shi ana danne da maɓallin. Ƙofar za ta zauna a tsuke. Zoben fokas ma ya mutu, domin da mota yake aiki. Kyamarar ake matsawa gaba da baya, kimanin tsawon tafin hannu daga abin ɗauka. Wurin da ke fita tar bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, numfashi kaɗai ya isa ya ɓata shi. A koma M, wato saitin hannu, shata 1/200, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 200, a kunna filasha, a tare ta da farar takarda don kada gilashin ya jefa inuwa.

Abu biyu ke damuna. Zaren bakin roba ne, idan aka matse zoben da ƙarfi yana iya cinyewa. Sannan gindin gilashin yana tsirara a waje, a lokacin hunturu kuwa ƙura ba ta jira. Duk ɗigon da ya sauka kan sensa sai ya fito baƙi a hoto. A yi gwajin cikin ɗaki, taga a rufe, famfon hura iska a kusa.