Gargaɗi Ga Masu Lambu Da Magidanta A Legas Kan Mai Tallar Gorar Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwanmu mazauna Legas, musamman masu sana'ar lambun fulawa a bakin titi, da masu kula da gidajen mutane a Lekki da Ikoyi da Ikeja, da magidantan da ke son kafa koren shinge ko ajiye shuka a tukunya a barandar bene. Akwai wani mutum da ke tallar itacen gora a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp, yana cewa daga Sin da Japan yake shigo da ita. Yana sauya sunan shafinsa da lambar wayarsa duk lokacin da ƙorafi ya yi masa yawa, saboda haka sunan da yake amsawa yau ba zai tsare kowa gobe ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne salon zambar, kuma wanda ya san yadda gora take girma zai gano shi tun bai tura ko sisi ba. Hausarsa tana fita sosai, yana buɗe magana da sallama da addu'a, kowa a bakinsa Alhaji ne ko Hajiya, kuma da wannan ya samu shiga wurin mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, waɗanda ke saurin sakin jiki da duk wanda ya yi musu magana da harshen gida.

Hajarsa ta farko iri ne a cikin 'yar ƙaramar leda, tare da hotunan gora shuɗiya shar, da ja, da ruwan hoda, har da wadda kowace gaɓa take da launinta daban. Waɗannan hotuna aikin kwamfuta ne. Amma ko a bar maganar launi, batun irin kansa ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Gora dangin ciyawa ce, 'yar uwar shinkafa da alkama, sai dai ba ta yin fure kowace shekara kamar su. Nau'o'i da yawa sukan shafe shekaru masu yawa kafin su yi fure, sannan su mutu bayan sun zubar da iri. Akwai nau'in da ke arewa maso gabashin Indiya, a jihar Mizoram, wanda ke fure kusan duk bayan shekara 48, kuma ya yi a wajajen 1959 da 2007. Akwai wani a Japan da ke ɗaukar kimanin shekara 120. Bugu da ƙari, irin gora ba ya jure ajiya, domin cikin 'yan watanni yake rasa ƙarfin tsirowa idan ba a adana shi a wuri mai sanyi da bushewa ba. Ita kuwa gorar da ta cika kudancin Najeriya, wadda masana ke kira Bambusa vulgaris, da wuya take fure, kuma ko ta yi ba ta ba da irin da ke tsirowa, shi ya sa ko'ina da yanka ko da raba gindi ake yaɗa ta. To, mutumin da a kowane wata na shekara yake da irin kowane nau'i a aljihu, daga ina yake samo shi?

Wayon da ke cikin wannan haja shi ne irin gora na gaskiya yana kama da ƙwayar hatsi mai ɓawo, kuma tsironsa a makonnin farko ba shi da bambanci da ciyawa a idon wanda bai saba ba. Mai saye zai shuka, ya ga kore ya fito, ya yi murna, har ya tura wa abokansa hoto, ya zama ɗan talla ba tare da an biya shi ba. Kafin abin ya fitar da kai ya bayyana cewa ciyawa ce, watanni sun shuɗe kuma layin wayar ya mutu.

Haja ta biyu ta fi cin kuɗin mutane, domin ita ake gani da ido. Yana turo gora mai tsayin mutum ko fiye a cikin tukunya mai kyau, da ganyenta kore, a hannun ɗan aike mai babur ko direban mota wanda bai san komai a kanta ba, kuma sai an biya kuɗi duka kafin kayan su taso. Na ga irin wannan tukunya a wani lambu da ke hanyar Ikorodu, inda mai ita ya kawo ta yana tambayar dalilin da ganyen ya nannaɗe ya koma ruwan toka duk da ban ruwan da yake yi safe da yamma. Mai lambun ya kama sandar da hannu ɗaya ya ja, sai ta zare salin alin ba tare da ta ɗago ko dunƙulen ƙasa ba. A ƙasanta babu saiwa ko guda, sai shatar zarto fes, an cusa duwatsu a gefe domin ta tsaya daram, an kuma zuba baƙar ƙasa a sama. Gorar nan ba ta da bambanci da wadda magina ke ɗaurawa a jikin bene ko suke tokare rufin kankare da ita a duk faɗin Legas, an dai saro ta ɗanya ne da rassanta.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa saboda adalci ga masu sana'ar gaskiya. Sayar da yankan gora ba laifi ba ne, domin ta haka ake yaɗa ta, kuma wannan gora ta magina, Bambusa vulgaris, tana da saurin kamawa. Laifin shi ne a sayar da yankan jiya da sunan shukar da ta kafu, a kuma karɓi kuɗin wadda ta kafu. Yanka yakan fitar da sabon ganye da abincin da ke ajiye a jikinsa tun kafin ya yi saiwa, saboda haka koren ganye ba shaida ba ne. Shaidar tana ƙarƙashin ƙasa. Mai saye ya sa a kifa tukunyar ko a tsaga ledar a gabansa. Shukar da ta kafu za ta fito da ƙasarta a dunƙule, farare da jajayen saiwoyi sun zagaye ta, kuma sau da yawa za a ga sabon toho yana ɓullowa daga gindi. Gani ya kori ji, kuma mai lambun da ya yarda da kayansa ba ya jin haushin wannan buƙata.

Sai maganar baƙar gora, wadda masu ƙawata gidaje ke nema ruwa a jallo. Baƙar gora gaskiya ce, akwai ta. Wadda ta fi suna, Phyllostachys nigra, 'yar ƙasar Sin ce mai son wurin da ake sanyi, kuma zafi da laimar Legas ba su dace da ita ba. Akwai baƙaƙen da ke son zafi, irin na tsibiran Timor da Java. Abin da ya haɗa su duka shi ne sabuwar sanda kore take fitowa, sai a hankali take rinewa yayin da take tsufa. Idan aka kawo tukunyar da kowace sanda a cikinta, babba da ƙarama, baƙa ce wuluk iri ɗaya, to a jiƙa tsumma da kananzir a goga a kusa da gaɓa. Wadda wannan mutum yake sayarwa tana barin baƙi a jikin tsumma.

Yana kuma sayar da 'yar shukar nan da ake sakawa a kwalbar ruwa a kan teburin ofis, wadda ake nannaɗe karanta, da sunan jaririyar gorar Japan. Wannan ba gora ba ce ko kaɗan, sunanta Dracaena sanderiana, asalinta ma daga tsakiyar Afirka ne, kuma ko shekara goma ta yi ba za ta zama shinge ba.

Ƙaryar da ta fi jawo rigima daga baya ita ce cewa gorarsa gajera ce, ba ta wuce tukunya, ba ta taɓa katanga. Gora iri biyu ce ta fuskar saiwa. Akwai mai tsayawa a dunƙule wuri ɗaya tana faɗaɗa a hankali, kuma yawancin na ƙasashe masu zafi haka suke, har da gorar da muka sani a dazukan Arewa. Akwai kuma mai tura saiwa ta yi tafiya a ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a nesa, wadda ke iya shiga gidan maƙwabci. Amma ko mai dunƙulewar ba abin wasa ba ce, domin Bambusa vulgaris tana haura mita 10, kuma gindinta yana fasa tukunya, ya ɗaga daɓen tsakar gida, ya matse bututun ruwa idan an dasa ta kusa. Wanda ke zaman haya a Legas ya san abin da hakan ke nufi tsakaninsa da mai gida. Mai son shinge ko shukar baranda ya nemi ƙaramin nau'i mai siraran sanduna kamar Bambusa multiplex, ya kuma nemi ganin uwar shukar da aka ciro ta, domin tsayin uwar ne zai gaya masa inda 'yar za ta kai. Tukunyar ta kasance mai faɗi da nauyi saboda iska, mai huda a ƙasa saboda ruwan Yuni da Yuli kada ya kwanta ya ruɓar da saiwa, sannan a riƙa fitar da shukar ana raba ta duk bayan shekara biyu ko uku. Da rani kuwa gorar tukunya tana shan ruwa fiye da yadda mutane ke zato.

Waɗanda suka saya suka yi shiru sai ya bi su da mataki na gaba, wato zuba jari a wata gonar gora da yake cewa tana wajajen Epe, da alkawarin riba mai tsoka cikin wata shida. Yana kafa hujja da cewa gora tana tsawon kusan mita guda a rana. An taɓa auna wasu nau'o'i suna ƙara santimita 91 a yini, wannan haka yake, amma sabon toho ne na shukar da ta riga ta ƙasaita yake yin haka, na ɗan lokaci kawai. Sandar takan kai iyakar tsayinta cikin 'yan watanni, sai dai tana buƙatar kimanin shekara uku kafin ta yi ƙwarin da za a sare ta a yi aiki da ita, ita kuma sabuwar gona sai ta yi wasu shekaru kafin ta fara ba da manyan sanduna. Ribar wata shida ba daga gora za ta fito ba, daga aljihun wanda ya zuba kuɗinsa daga baya za ta fito. Takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da yake nunawa shaida ce kawai ta cewa an yi wa suna rajista, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ne. Wannan izini a hannun hukumar SEC yake, mai kula da kasuwar zuba jari, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu irin wannan tsari. Game da iƙirarin shigo da kaya daga waje, a tambaye shi izinin hukumar NAQS, mai kula da shigo da tsirrai da iri, da takardar lafiyar shuka daga ƙasar da aka ɗauko ta. A nan ne hirar takan yanke.

Wanda abin ya riga ya shafa kada kunya ta hana shi magana. Ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da lambar asusun da ya tura wa kuɗi da hotunan hirarsu kafin a goge, sannan ya kai ƙara ofishin EFCC ko sashen 'yan sanda mai binciken zamba, dukansu suna Ikoyi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, suna karɓar koken masu saye. Kada kuma a huce a kan ɗan aiken da ya kawo kayan, domin yawanci kuɗin ɗauko kawai aka ba shi.

Idan sandar da aka kawo ba ta riga ta bushe ba, ana iya ceto wani abu daga cikinta. A zare ta, a yanka ta gunduwa-gunduwa mai gaɓa biyu ko uku, a rage rassan, a kwantar da su a ƙasa mai haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki a cikin inuwa, a rufe gaɓoɓin, a riƙa ba su ruwa ba tare da an bar su a cikin taɓo ba. Cikin wata biyu zuwa uku wasu za su yi saiwa, musamman idan da damina ne. Abin da zai fito gorar gida ce mai girma sosai, don haka a dasa ta a fili ko a gona, nesa da katanga da ramin sokawe.