Gargaɗi: A Yi Hattara Da 'Yan Jingar Araha Masu Binne Ha'inci Cikin Kankare

Jama'ar Kaduna, musamman masu filaye a Millennium City, Rigachikun, Mando da bayan Rigasa inda sabbin gine-gine ke ta tashi, akwai damfarar da ke cin mutane wadda ranar farko ba ta kama da damfara. Mutum ne zai zo maka, yaransa na ce masa Injiniya, wayarsa cike da hotunan gidajen da ba shi ya gina ba. Magina biyu sun riga sun yi maka lissafin ɗaki uku da falo, shi sai ya zabge kashi ɗaya cikin uku, ya ce jinga ce har da kaya, kai dai ka zo ka karɓi makulli. Sharaɗinsa ɗaya: rabin kuɗi ko fiye a matsayin kafin alƙalami, wai siminti zai tashi sati mai zuwa.

Siminti da rodi kusan kuɗinsu ɗaya ne ga kowa a kasuwa. Wanda ya yi maka ragin da ya wuce hankali a jikin gininka zai fanshe, a wuraren da ƙasa, kankare da filasta za su rufe.

Daga harsashi ake farawa. Zane ya faɗi zurfi, shi sai ya tsaya kafin a taɓo ƙasa mai tauri, ya zuba kankare ɗan siriri, ya maida ƙasa da yamma kafin mai gida ya taso daga aiki. A unguwannin da ke kusa da Kogin Kaduna da wuraren da dā fadama ce, damina ɗaya ko biyu ta isa bango ya tsage daga kusurwar taga. Ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba daɓe don hana danshi tasowa ma sai ya tsallake ta, shi ya sa za ka ga sabon gida fenti na kumbura daga ƙasa.

Kwaɓin kankaren ginshiƙi da linta da aka saba shi ne 1:2:4, wato siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, ke nan buhu ɗaya na ɗaukar kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Maha'inci zai kai yashin shida ko bakwai, ya cika ruwa don kwaɓin ya yi wa lebura sauƙin ɗiba. Yawan ruwan nan shi ma kashe ƙarfin kankare yake yi. Rarar buhunan kuwa da daddare suke fita, sai a kawo buhunan wofi daga wani wurin aiki a jibge maka a ce ga shaida. Ka sa alama a kowane buhu ranar da aka sauke, ka auna ɗaya ko biyu a sikeli.

Rodi ne ya fi ba mu tsoro, domin shi ke riƙe da rayukan mutane a bene. Sandar rodi mita 12 ce. Mai kaurin milimita 12 na gaskiya nauyinsa kusan kilo 10 da rabi ne, tan ɗaya na ba da sanda 93 zuwa 94. Mai milimita 16 kuwa 52 zuwa 53. Idan aka ce maka tan ɗaya na mai 12 ya ba da sanda ɗari da goma, ba garaɓasa ba ce, rodin ne bai cika ba. Wani kuma zane ya ce mai 16 a ginshiƙi ya sa mai 12, ya buɗe tazarar zobban da ke ɗaure su. Da zarar kafinta ya rufe katako an zuba kankare, magana ta ƙare. Kada a zuba ko kwano ɗaya sai injiniyanka, wanda kai ke biyansa ba ɗan jingar ba, ya ƙirga, ya auna, ya ɗauki hoto.

Bulo kuma, mai inci 9 na kirki bai kamata ya wuce kamar 30 a buhu ba. Wanda aka buga 45 ko 50 za ka gane shi: ka kankare gefensa da ƙusa, sai ya zubo kamar garin kwaki. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, don haka da zanenka a hannu za ka iya gane ƙarin da aka cusa a lissafi. Ban ruwan kankare aƙalla kwana 7 ne, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. Mai gaggawar cire katakon dekin don ya kai shi wani wurin aiki kada ka saurare shi.

Galibi a linta suke gudu. Kuɗi ya ƙare, a kawo ciko, daga nan waya a kashe. Waɗanda ke Abuja ko ƙasar waje suna turo kuɗi bisa hoton WhatsApp su suka fi shan wannan, har akan turo musu hoton ginin wani.

Kafin ka saki sisi, ka je da ƙafarka gidaje biyu da ya gina waɗanda suka ga damina, ka gaisa da masu su ba ya wurin. In ya ce shi injiniya ne, ya kawo lambar rajistarsa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, in ƙwararren magini ne ta CORBON, hukumar rajistar magina, ka bincika. Izinin gini ka bi shi da kanka a KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, takardun fili a KADGIS, hukumar takardun filaye ta jihar. Wasu na karɓar kuɗin izini su cinye, sai ka wayi gari da jan fenti a bango. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a faɗi kaurin rodi, irin bulo da kaurin kwanon rufi. Biya mataki-mataki ta banki: harsashi, linta, rufi, filasta, kowanne bayan an duba. Kayan ginin kuwa, kai ka saya in da hali. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har ruwan Agusta ya gwada rufin.

In ka riga ka faɗa hannunsu, dakatar da biya yau, kada ka bari wani magini ya ɗora a kan aikin tukuna. Kira injiniya mai rajista ya auna abin da ke ƙasa ya rubuta ƙimarsa, ka haɗa da shaidar tura kuɗi da saƙonninku, ka kai wa lauya ko 'yan sanda.