Digirin Digirgir a Fannin Shugabanci: PhD, EdD ko DBA, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Idan kana da digiri na biyu kuma ka kwana biyu a bakin aiki, da wuya a ce tallan nan bai taɓa biyo ka ba a Facebook ko LinkedIn: digirin digirgir a fannin shugabancin ma'aikatu, ta intanet, cikin shekara uku, ba sai ka ajiye aikinka ba. Daraktoci da shugabannin makarantu da manajojin banki da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ake hari, mutanen da suka kai matakin da suke jin saura ƙiris su cika. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma wannan ciniki ne na shekara uku zuwa bakwai, da kuɗin da zai iya gina gida, don haka ya cancanci a yi masa irin binciken da ake yi wa fili kafin a biya.

A fara sanin cewa kayan nan na Amurka ne. A can ne aka ware shugabanci ya zama fanni mai zaman kansa, kuma Jami'ar San Diego tana da shirin digirin digirgir a kansa tun 1979. A Ingila da Nijeriya, galibi ana nazarin shugabanci ne a ƙarƙashin sashen gudanar da kasuwanci, ko gudanar da mulki, ko tsara harkokin ilimi. Wannan bambanci yana da nauyi. Ranar da ka kai takardarka wata jami'a tamu neman koyarwa, tambayar farko ita ce wane sashe za a ajiye ka, kuma kwamitin ɗaukar ma'aikata yana son ya ga digirinka na farko da na biyu da na uku sun bi layi ɗaya.

Saboda haka tambayar da ta riga kowace ita ce: wace ƙofa kake so wannan takarda ta buɗe maka?

Idan ƙofar jami'a ce, kana son koyarwa da bincike har ka kai farfesa, PhD ne naka, ba wani ba. Sai dai a Amurka abubuwa biyu ne mabambanta suke amsa wannan suna. Akwai na manyan jami'o'in bincike, inda ake ɗaukar ɗalibai kaɗan a shekara a fannin halayyar ma'aikatu, a yafe musu kuɗin makaranta, a riƙa ba su alawus, su kuma su tare a can kusan shekara biyar suna aiki a ƙarƙashin malamai. Shiga da wuya, ana son mai ƙarfi a lissafin ƙididdiga, kuma dole ka bar aikinka. Sannan akwai na masu aiki, irin na Gonzaga da Indiana Wesleyan da Regent, wanda kai ne za ka biya, akasarinsa ta intanet, tare da zuwa harabar jami'a na 'yan kwanaki lokaci-lokaci. Duka biyun halal ne, amma a kasuwar malaman jami'a ba a sayen su farashi ɗaya. Abin lura kuma, da yawa daga cikin masu shirin shugabanci jami'o'in coci ne. Regent da Indiana Wesleyan suna koyar da fannin ne ta mahangar Kiristanci, kuma ba su ɓoye ba. Ga wani wannan shi ne abin nema, ga wani kuwa gara ya karanta manhajar tun kafin ya cike fom.

EdD, wato digirin digirgir na fannin ilimi, shi ne aka fi tallatawa da sunan shugabancin ma'aikatu. Asalinsa digirin malamai ne, Harvard ta fara shi a farkon shekarun 1920, daga baya ya faɗaɗa har ya ɗauki ma'aikatan asibiti da sojoji da 'yan kamfani. Jami'o'i masu suna irin su Kudancin Kalifoniya da Vanderbilt da Pepperdine suna da shi. Abin da nake so game da shi shi ne kundinsa. Maimakon a ce ka ƙirƙiro sabuwar mahanga, sai a ce ka ɗauko matsala guda daga ma'aikatarka, misali me ya sa ƙwararrun malamai suke guduwa daga makarantarka bayan shekara biyu, ka bi ta da ƙa'idar bincike, ka gwada magani, ka auna sakamako. Ga mai makarantar kuɗi ko daraktan da zai koma kujerarsa, wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba. Rauninsa a wajenmu shi ne haruffan. Mutane da yawa ba su san su ba, kuma za ka sha bayani a gaban kwamitoci cewa wannan ma cikakken digiri na uku ne.

DBA na 'yan kasuwa da manyan manajoji ne, wato digirin digirgir na gudanar da kasuwanci. A Ingila, Cranfield da Henley da Manchester sun daɗe da shi, yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida ga mai aiki, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce. Kusa da gida, makarantar shugabancin kasuwanci ta UNISA a Afirka ta Kudu tana ba da nata mai suna DBL. A Malesiya kuwa akwai Jami'ar Utara da ke Sintok a jihar Kedah, wadda malaman jami'o'in Arewa da dama suka yi karatu a cikinta, tana da PhD da DBA. Ga 'yan'uwanmu na Nijar akwai gargaɗi na musamman: a Faransa, DBA ba ya cikin digirorin da gwamnati take bayarwa, takardar makaranta ce kawai, ba daidai take da cikakken doktora ba. Wanda yake hangen aiki a Jami'ar Abdou Moumouni ko ƙarin girma ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya tambaya tukuna kafin ya biya ko dala ɗaya.

To, a nan ne nake so mu daɗe, wato maganar kuɗi, domin nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Farashin da ke kan talla yawanci na darussa ne da mafi ƙarancin lokacin rubuta kundi. Darussa suna da iyaka, shekara biyu ka gama. Kundi ba shi da ita. Duk zangon da ka ƙara kana jiran mai duba aikinka ya dawo maka da babi na uku, ko kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, sai ka sake biya. A makarantun da aka kafa don riba, jinkirinka ribarsu ce. Ba zargi nake yi da ka ba. A 2024 Jami'ar Walden ta amince ta biya dala miliyan 28.5 don sasanta ƙarar da ɗaliban DBA suka shigar, inda suka ce an ɓoye musu ainihin yawan karatun da matakin kundi zai ci, ko da yake jami'ar ba ta amsa laifi ba. A Oktoban 2023 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta ci Jami'ar Grand Canyon tarar dala miliyan 37.7 kan yadda ta bayyana farashin digirin digirgir, jami'ar ta musanta, kuma a 2025 aka soke tarar. Ko ma yaya shari'o'in suka ƙare, duka biyun a wuri guda suka taso, wato kuɗin zangunan ƙarshe. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: a Maris na 2019 Jami'ar Argosy ta rufe baki ɗaya a tsakiyar zango, ta bar ɗalibai, har da masu digirin digirgir, da rabin aiki a hannu.

Don haka kada ka tambayi jami'in ɗaukar ɗalibai nawa ne kuɗin shirin. Shi ɗan talla ne, sau da yawa ma ba malami ba ne. Ka tambaye shi a rubuce: cikin waɗanda suka fara shekara bakwai da suka wuce, nawa ne suka gama? Matsakaicin ɗalibi shekara nawa ya ɗauka? Nawa ake biya a kowane zango bayan an gama darussa? Idan mai duba aikina ya bar jami'ar, wa zai gaje shi, kuma zan koma farko ne? Idan ya fara kewaye-kewaye, ka samu amsarka. Ka kuma riƙe a ranka cewa ko a manyan jami'o'in Amurka, wani bincike na majalisar makarantun gaba da digiri ya gano kusan kashi 57 cikin ɗari ne kawai suke kammalawa cikin shekara goma. Sauran, da yawansu sun cinye darussa sarai, kundi ne ya kayar da su.

Ga mai samun albashi da naira akwai ƙarin kaya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara shirin dala a 2022 ya wayi gari bashinsa ya ninka uku ba tare da jami'a ta ƙara ko kwabo ba. Idan ba ka da hanyar samun dala, ka yi lissafinka kamar za a sake irin haka. Kada kuma ka dogara da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba tare da ka bincika ba: malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take ɗauka, kuma daga farkon 2025 ta dakatar da tallafin karatu a ƙasashen waje. Wanda kuma yake ganin shirin intanet zai zame masa tsanin tafiya Amurka, ya sani ba a ba da bizar ɗalibi don karatun da dukkansa ta intanet ne.

Sai tantancewa. A Amurka gwamnati ba ta tantance jami'o'i da kanta, hukumomi ne masu zaman kansu suke yi, ita kuma Ma'aikatar Ilimi da CHEA, majalisar da ke kula da tantance manyan makarantu, su amince da hukumomin. Makarantun bogi sun san wannan, sai su ƙirƙiri tasu hukumar su tantance kansu. Ka ɗauki sunan hukumar da suka ambata ka neme shi a jerin CHEA ko na ma'aikatar. Idan babu, ka kama gabanka. Ga makarantun kasuwanci, alamar hukumomin tantancewa irin su AACSB ko EQUIS ko AMBA ƙarin shaida ce mai kyau. Amma duk wannan rabin aiki ne, domin a gida za ka yi amfani da takardar. Tun bayan da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, ana sa ido sosai kan duk takardar da ta shigo daga waje. Digirin intanet daga ƙetare shi ya fi shan tambaya. Ka rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da NUC da kuma rajistaran wurin aikinka, ka ambaci sunan jami'ar da shirin da yadda ake karatun, ka ajiye amsar a fayil.

Na gida fa? Ina ganin an raina shi fiye da kima. A ABU Zariya ko Bayero ko Usmanu Danfodiyo za ka iya yin PhD a gudanar da kasuwanci ko mulki ko ilimi, ka kuma ɗora kundinka kacokan a kan shugabanci, da naira, kuma ba wanda zai tuhumi takardarka. A Legas akwai makarantar kasuwanci ta Jami'ar Pan-Atlantic mai shaidar AACSB. Illolin sanannu ne: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, malami ɗaya yana iya riƙe ɗalibai fiye da ƙarfinsa, kuma samun mujallun bincike sai an yi dabara. Amma filin bincikenka yana bakin ƙofa. Yadda kasuwancin iyali a Kantin Kwari yake tsira ko ya ruguje bayan rasuwar mai gida, yadda ake gadon ragamar tsangaya, abin da Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka rubuta kan amana da naɗa mataimaka da yadda za a gwada shi a ma'aikatar zamani, duk waɗannan kundaye ne da ke jiran masu rubutawa. Ni dai ya fi min daraja a kan kundi na ɗari da ke sake auna mahangar Burns da Bass, masanan shugabanci na Amurka, da tambayoyin da aka tsara don manajojin Amurka.

Wani kuma idan ya zauna da kansa zai ga ba bincike yake so ba, gogewa da sanin manya yake nema. Irin wannan, kwas ɗin manyan jami'ai na NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, idan ma'aikatarsa ta tura shi, ko gajeren kwas na shugabanni, ya fi dacewa da shi. Digirin girmamawa da ake kira ka biya kuɗin taro a rataya maka riga kuwa, ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

A duk inda ka karkata, kafin ka biya kuɗin fom ka nemi sunan malamin da zai iya duba aikinka, domin da shi za ka zauna shekaru, ba da tambarin jami'a ba. Ka duba Google Scholar ka ga ko ya wallafa wani abu cikin shekara biyar da suka wuce, ka ga ko cikakken ma'aikacin jami'ar ne ko ɗan wucin gadi da ake biya kan kowane ɗalibi. Ka sauke kundaye uku na waɗanda suka gama shirin kwanan nan ka karanta babi na huɗu da na biyar, za ka gane ko ana bincike ko ana cike gurbi. Sannan ka nemi biyu daga cikin marubutan ta LinkedIn, ka gaishe su, ka tambaye su mako nawa malaminsu yake ɗauka kafin ya dawo da babi, da kuma nawa suka biya daga ranar farko har ranar da suka kare kundinsu.