Ƙofar da aka rufe mana a kwatar Santambul

'Yan uwana na Yawuri da kewaye, ina gaishe ku. Shekarata huɗu ke nan a Santambul, amma ban taɓa sa ƙafa a tsibiran tekun Marmara ba sai makon jiya, da Kawu ya zo sarin kaya a Laleli, unguwar 'yan sari a cikin birnin. Ya ce shi ɗan bakin ruwa ne, ba zai zo ƙasar mutane ya koma bai ga yadda suke fito ba. Muka tsayar da Asabar za mu Buyukada, mafi girma a cikin tsibiran tara, wanda sunansa ma ke nufin babban tsibiri. Babu gada, babu wata hanya sai jirgi.

Da hantsi muka isa kwatar Kabatash. Kuɗin fito da kati ake biya, katin nan ɗaya da nake shiga bas da jirgin ƙasa da shi. Zauren jira ya cika maƙil, layi yana ja a hankali. Saura mutum biyar ko shida a gabanmu, sai wani ma'aikaci ya jawo ƙofar gilashi ya rufe. Ga jirgin muna kallonsa, ko igiyarsa ba a kwance ba, kuma a idona akwai filin da zai ɗauki mutum hamsin a tsaye.

Na matsa na ce masa, "Abi," wato yaya, "ka taimaka, dattijo ne tare da ni, baƙo ne." Kalma ɗaya ya mayar mini: "Dolu." Ya cika. Na nuna masa filin da yatsa, ya girgiza kai. Kawu bai jin yarensu, sai ya sa hannu a aljihu kamar yadda muka saba, ya zaro takardar kuɗi ya ce, "Kai, miƙa masa ɗan na goro mana." Kafin in tare hannunsa mutumin ya gani. Fuskarsa ta canza, ya ɗaga murya, jama'ar zauren duk suka juyo. Mu kaɗai ne baƙaƙe a wurin, Kawu da babbar riga da hula, kuɗi a hannu. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban ji kunya irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi cin raina shi ne dattijon da ake rusuna wa a garinmu ne ake yi wa tsawa kamar yaro. Har yanzu ina ganin ya iya hana mu ba tare da ya tara mana jama'a ba.

Kusan awa guda muka zauna jiran jirgi na gaba. Ina ta huci, Kawu kuwa ya yi shiru yana kallon ruwa. Can ya ce, "Da ranar Wara an sami mai rufe ƙofa irin wannan, da yanzu mutane nawa ke gidajensu?"

Sai jikina ya yi sanyi. Ba sai na tuna muku watan Mayun 2021 ba, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara da mutum fiye da 150 ya nutse, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Shekarar ba ta ƙare ba aka yi na Bagwai a Kano, yawanci 'yan Islamiyya. A 2023 ga na Patigi, masu dawowa daga biki, rai fiye da ɗari. Duk lokacin da aka yi, mai jirgi muke zagi, mu zagi hukuma, kuma sun cancanta. Amma wane ne ke tsayawa bakin kwata yana cewa "Don Allah malam, ni kaɗai ne, a ɗan matsa"? Mu ne. Jirgi ya nutse har ruwa na lasar bakinsa, a ɗora babur, a ɗora buhunan hatsi, mu hau kai mu zauna. Mai jirgin da ya ce ya isa haka, shi ne marar mutunci, gobe ba mai shiga nasa. Wanda ya yi magana a ce masa tsoron me kake ji, kwana bai ƙare ba. Ni da nake faɗin haka, roƙon da na yi wa mutumin nan shi ne dai roƙon da ke nutsar da mu.

Da muka shiga na biyun, Kawu bai kalli gari ba, ƙarƙashin kujeru ya leƙa. Rigunan ceto ne jere, wasu kuma a saman kai, har da ƙanana na yara. Ya ciro ɗaya ya jujjuya, ya ja igiyarta, ya mayar. Mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan gilashi, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodin nan mai riɗi da suke kira simit. Muka tsaya Kinaliada, Burgazada da Heybeliada, kafin mu isa bayan kamar awa ɗaya da rabi. Wani da ke kusa da mu ya ce ranar da iskar kudu maso yamma, lodos, ta taso da ƙarfi, soke fito ake yi gaba ɗaya, ko wa ka sani.

Tsibirin kansa yana da kyau, ba zan ɓoye ba: gidajen katako na zamanin Usmaniyya, itatuwa, ba hayaƙin mota don ba a barin motocin mutane. Da can keken doki ake hawa, aka hana a 2020 bayan cuta ta faɗa wa dawakan, aka kawo ƙananan motocin lantarki. Sai dai layinsu ya fi na mai tsawo, kuma baƙo ya fi ɗan tsibiri biya. Ruwan gora tsada, ban ɗaki sai da kuɗi, ga masu ɗaga waya su ɗauki hoton Kawu ba ko sallama. Kifin kuma ya ba ni haushi. Guda ɗaya siriri a faranti, da yankan lemon tsami da ganye, ba yaji, ba ƙuli, kuɗinsa kuwa zai ciyar da gida a can. Nan take ƙamshin suyar bakin kwatarmu ya faɗo mini, giwan ruwa yana fitowa daga mai da zafinsa, ana barbaɗa yaji a takarda. Kawu ya ci loma biyu ya ture, ya ce wannan ruwan gishiri ya wanke masa daɗi.

A masallacin Hamidiye, wanda Sarki Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina, muka haɗa azahar da la'asar, muka huta. Da yamma Kawu ne da kansa ya riƙa azalzalata mu sauka kwata da wuri, kada a sake rufe mana.

Ranar Litinin ya fasa zuwa Laleli, ya ce in kai shi inda ake sayar da kayan jirgi. Muka je Karakoy, ya yi ciniki ya sayi rigunan ceto goma sha biyu, huɗu na yara. Ya rage dilar jallabiya ɗaya don su sami wuri a kago. Ya ce na mai jirgin da ke fito da iyalinsa ranar kasuwa ne, kuma shi zai tsaya bakin kwata da kansa ya ga an sa.