Alaimen ɗin kamfani ko na filin tsere ga Mazda MX-5?

Ɗan'uwa, tunda filin tsere za ka riƙa shiga da ita, ka yi saitin tsere kawai.

Kamba ce babbar magana, wato yadda taya ke kwanciya. Idan ka shiga kwana da gudu jikin mota yana rinjaya waje, tayar wajen ta hau kan kafaɗarta. Shi ya sa ake kwantar da saman taya ciki tun motar tana tsaye: digiri 2.5 zuwa 3 a gaba, wajen digiri 2 a baya. A tsakiyar kwana sai tayar ta shimfiɗa duk faɗinta a kwalta, gaban motar ya kama, sitiyari ya daina yi maka gardama. Kasta kuma, wato yadda sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta take kwanciya baya, a sa ta hagu da dama daidai wa daida. Bakin tayoyin gaba a bar su sak. Na baya a tsuke su ciki kaɗan, milimita 1 zuwa 2 jimilla. Idan na baya suka buɗe waje, da ka taɓa birki cikin kwana gindin motar zai juyo.

Daɗin MX-5 shi ne kusoshin saitin suna nan daga kamfani, gaba da baya. Sai dai a tsayinta na asali da wuya kambar gaba ta kai digiri 2.5, sai an ɗan sauke ta.

Saitin kamfani kuwa na zuwa aiki ne. Wuni ɗaya a fili ya isa ya cinye gefen waje na tayoyin gaba.

Kafin a taɓa noti, a duba bushin da tayarod, a daidaita iska, tanki rabi, kai kuma kana zaune a kujera. Bayan 'yan zagaye a fili ka auna zafin taya wuri uku: gefen ciki, tsakiya da gefen waje. Gefen ciki ya fi na waje da digiri 5 zuwa 10 na Salsiyos. Idan waje ya fi zafi, ƙara kamba.

Kuma ka yi hattara da masu sayar da hannuwan saiti, wato ƙarafan da ke riƙe taya da jikin mota, marasa sunan kamfani. Zaren notinsu yana saki, ƙarfen kuma yana iya tsagewa a tsakiyar kwana. Mai alaimen ma kada ya nuna maka kore a kwamfuta ya ce an gama, koren nan na lambobin kamfani ne. Ka ba shi naka lambobin, ka karɓi takardar kafin aiki da ta bayansa.