Shagon buga hoto a bayan Kasuwar Dole: gwaji da zanen matan Italiya

Shagon ya saba da hotunan biki, kuma a nan ba a kushe shi. Yanzu malaman tarihi a Damagaram suna kai masa hotunan matan Italiya da aka zana a ƙarni na 15 don koyarwa, shi ya sa aka auna aikinsa da zane biyu.

Na farko na Piero della Francesca ne, Battista Sforza da mijinta Federico, mai mulkin birnin Urbino, suna fuskantar juna. Kowane allo santimita 47 ne da 33, don haka takardar A3 ta kusa daidai da shi. Layuka sun fito tsaf, har lu'ulu'un wuyanta ana ƙirgawa. Sai dai mai injin ya ga fuskar fari fat, ya ƙara mata ja kamar yadda yake wa amare. Kuskure ne babba. Battista ta rasu a 1472, watanni bayan ta haifi ɗa namiji da aka daɗe ana jira bayan 'ya'ya mata, kuma hasken fatarta kusa da fatar mijin da rana ta dafa shi ne rabin maganar zanen: ita ta cikin gida, shi na fagen yaƙi. A gaya masa tun farko kada ya taɓa launi. Wajen ratayewa, matar a hagu, mijin a dama. In an juya sun ba juna baya.

Na biyu na Ghirlandaio ne, hoton Giovanna Tornabuoni wadda ta rasu da juna biyu a 1488. Allon siriri ne, 77 da 49, bai dace da A3 ba, sai aka ƙara girmansa har ya wuce takarda, aka datse gefuna. Abin da ya tafi shi ne rubutun Latin da ke yabon halinta da littafin addu'arta. Saura kiris harafin L na kafaɗarta, farkon sunan mijinta Lorenzo, ya bi su. Tufafin ma tambarin gidan miji ne. A Fulorans, birnin su Giovanna, a wancan zamanin uban yarinya ne ke biyan dukiya ga ango, har an kafa asusun tara ta a 1425. Ya fi kama da kayan ɗaki da gara, ba sadaki ba. Zanen na nuna inda dukiyar ta sauka. Gara a bar farin gefe da a yanke.

Sauran abin lura na mai kawo aiki ne. A3 mai kyau na son hoto mai ɗigo wajen 3500 da 4900. In an tura ta WhatsApp a matsayin hoto zai matse shi, adon riga ya dagule. A tura a matsayin fayil, ko a kai a kan kile.

Takarda marar ƙyalli ta fi, kuma suna da ita in an tambaya. Katakonsu da gilashi ba laifi, amma suna manna hoto jikin gilashin, da damina kuwa danshi zai liƙe su. A sa a raba su da kwali, a toshe bayan da salatif saboda ƙurar hunturu. Kwalin baya abincin gara ne, a jikin bangon ƙasa na Birni ba ya shekara. Farantin roba ya fi.